Waiwaye: Me ya sa ba a faɗuwa daga NBA?

Duk ƙarshen kaka a Firimiyar Ingila, ƙungiyoyi 3 na ƙasan teburi kan faɗa gasar 'yan dagaji, wasu 3 su hau. A NBA kuwa, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ko ƙungiya ta sha kashi sau 72 cikin wasanni 82, kamar Philadelphia 76ers a kakar 2015-16, kujerarta na nan daram.

Tun daga tushe aka rabu. An kafa gasar ƙwallon ƙafar Ingila a 1888 da ƙungiyoyi 12, rukuni na biyu ya biyo baya a 1892. Da farko, na ƙasan rukunin farko ke karawa da na saman rukuni na biyu a fitar da mai hawa da mai sauka. A 1898 Stoke da Burnley suka gane canjaras zai ishe su su biyun, suka tashi babu ci. Aka soke wannan karawa, aka bar maki ya yi hukunci.

A NBA, wadda ta samo asali a 1946, sayen gurbi ake yi. Dala miliyan 300 aka biya kafin Charlotte Bobcats ta shiga a 2004, kuma wanda ya zuba wannan dukiya ba zai yarda kaka ɗaya ta kore shi ba. Maimakon kora, ƙungiya mafi rauni ake ba damar fara zaɓen matasan 'yan wasa. A nan gizo ke saƙar: shan kashi ya zama riba, har koci kan ajiye gwanayensa a benci da gangan. Shi ya sa aka kawo ƙuri'ar sa'a don fitar da mai zaɓin farko a 1985, sannan daga 2019 ƙungiyoyi 3 mafi rauni kowacce damarta ta samun zaɓin farko ba ta wuce kashi 14 cikin 100 ba.

Ƙwallon kwandon Turai ya kama hanyar tamaula, amma da ƙafa ɗaya. A Sifaniya ana hawa ana sauka, sai dai ƙungiyoyin birnin Burgos sun ci hawa sau 3 a jere, 2013 zuwa 2015, sharuɗɗan kuɗin shiga ACB, babbar gasar ƙasar, suka hana su. EuroLeague kuwa, babbar gasar ƙungiyoyin kwandon Turai, a 2016 ta ba ƙungiyoyi 11 cikin 16 lasisin dogon zango da ke tabbatar musu da gurbi. Irin wannan tsari manyan ƙungiyoyin tamaula 12 suka so kawowa da Super League a Afrilun 2021. Magoya baya a Ingila suka fito kan titi, shirin ya wargaje cikin kwana biyu.