Yadda wayar hannu ke zama makirufon kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Shin da gaske wayar hannu za ta iya maye gurbin makirufo a kwamfuta?

Za ta iya, domin yawancin wayoyin zamani suna da makirufo biyu ko fiye: ɗaya a ƙasa kusa da ramin caji don ɗaukar muryar mai magana, ɗaya kuma a sama don gano hayaniyar da ke kewaye a rage ta. Abin da ya rage shi ne hanyar da sautin zai bi ya isa kwamfuta. Ana saka manhaja a waya wadda za ta riƙa tura sautin, a saka 'yar'uwarta a kwamfuta don ta karɓa, tare da wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke sa kwamfutar ta ɗauka cewa an jona mata makirufo na gaske. Da zarar an gama haka, sunan sabon makirufon zai fito a manhajojin taro irin su Zoom da Teams, ko manhajar naɗar murya ta Audacity, kamar kowane makirufo.

Wace manhaja ake amfani da ita?

Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai WO Mic da AudioRelay, sai kuma DroidCam wadda ke tura hoto da murya tare. Mai iPhone da kwamfutar Mac ba ya buƙatar ko ɗaya, domin tun shekarar 2022, da fitowar iOS 16 da macOS Ventura (manyan manhajojin da ke tafiyar da iPhone da Mac), Apple ya saka wannan aikin a cikin na'urorinsa, muddin duka biyun suna kan asusun Apple ɗaya.

Da kebul ya kamata a haɗa, ko da Wi-Fi, ko da Bluetooth?

Kebul ɗin USB shi ne ya fi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Sautin yana isa da wuri, ba ya yankewa, wayar kuma tana shan caji yayin da take aiki. Wahalarsa ta rana ɗaya ce: a Android yawanci sai an shiga bayanin waya an danna Build number sau 7 don buɗe saitin masu ƙirƙirar manhaja, sannan a kunna USB debugging, wato saitin da ke ba kwamfuta damar sadarwa da manhajar wayar ta kebul. A kuma lura cewa akwai kebul ɗin da caji kawai yake yi ba ya ɗaukar bayanai, kuma irinsa ya sha sa mutane zargin manhajar da ba ta da laifi.

Wi-Fi ya fi sauƙin farawa, tunda abin da ake buƙata shi ne waya da kwamfuta su kasance a kan layin Wi-Fi ɗaya, a kwafi adireshin da manhajar wayar ta nuna, wanda galibi yake farawa da 192.168, a rubuta shi a kwamfuta. Sai dai idan na'urori sun yi wa layin yawa murya takan riƙa tsinkewa, musamman a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, don haka zangon 5 GHz ya fi dacewa ga wanda yake da shi. Bluetooth kuwa a ajiye shi sai babu wata hanya, domin ya fi sauran matse sauti da jinkirta shi.

Me ke kawo jinkiri tsakanin magana da fitowar murya, kuma zai iya ɓata aiki?

Kafin murya ta fito sai waya ta mayar da ita lambobi, ta tara ta kashi-kashi, ta aika, kwamfuta kuma ta ɗan riƙe abin da ya iso kafin ta saki, don kada a ji giɓi idan wani kashi ya makara. Kowane mataki yana cin ɗan lokaci. A taron intanet ko darasi ba a cika lura da shi ba, amma ga mai waƙa a kan kiɗa, ko mai sauraron muryarsa kai tsaye ta abin kunne, jinkirin yana rikita mutum. Wasu manhajojin suna ba da damar rage yawan abin da kwamfuta ke riƙewa, sai dai idan aka rage shi fiye da kima sautin zai fara karkatsewa.

An haɗa komai amma ba a jin murya, ko kuma wata ƙara tana tashi. Ina matsalar take?

Rashin murya yawanci daga izini ne: ko dai ba a ba manhajar damar amfani da makirufon waya ba, ko saitin sirri na Windows ya hana, ko katangar tsaron kwamfuta ta tare haɗin, ko kuma Zoom yana nan a kan tsohon makirufonsa. Ƙarar kuwa tana tasowa ne idan waya tana jin abin da lasifikar kwamfuta ke fitarwa tana sake mayar mata, kuma saka abin kunne yana kashe ta nan take.

Ingancin sautin ya kai a dogara da shi?

Sau da yawa ya fi na makirufon da ke jikin laftof, kuma babban dalilin shi ne kusanci: ana iya kafa waya kimanin santimita 20 daga baki, nesa da ƙugin fankar kwamfuta da ƙarar madannai. Wanda kuma naɗar murya kawai yake so, ba magana kai tsaye ba, gara ya naɗa a wayar ya tura fayil ɗin zuwa kwamfuta daga baya, domin ta haka babu jinkiri, babu tsinkewa, kuma ba ya buƙatar direba.