Wa Ke da Ikon Yanke Wanda Zai Ci Kambu a WWE? Fashin Baƙin Dokar da Ta Dawo da Vince McMahon

A kokawar resilin ta WWE, tun kafin 'yan wasa su hau fage an riga an san wanda zai yi nasara. Kamfanin WWE da kansa ne ya faɗi haka a gaban majalisar dattawan jihar New Jersey ta Amurka a 1989, lokacin da yake neman a fitar da shi daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan wasannin dambe da kokawa. Hujjarsa ita ce abin da yake yi nishaɗi ne da aka tsara. To, tunda haka ne, kujerar da ta fi kowace tsada a gidan ita ce ta mai riƙe da alƙalami: wanda ke cewa wane zai ɗauki kambu, wane zai zama mugu a labari, wane kuma za a daina nuna fuskarsa a talabijin.

Vince McMahon ya riƙe wannan alƙalami shekara arba'in, tun daga 1982 da ya sayi kamfanin daga hannun mahaifinsa. Masu kallo suna ɗauka cewa basirarsa ce ko muƙaminsa ya ba shi wannan dama. Abin da ya faru tsakanin 2022 da 2024 ya nuna cewa tushen ikon yana cikin takardun rajistar kamfani da dokar jihar Delaware, inda aka yi wa WWE rajista duk da cewa hedikwatarsa tana Stamford a jihar Connecticut.

A Oktoban 1999 kamfanin ya fara sayar da hannun jari ga jama'a, amma ya raba shi gida biyu. Rukunin A, wanda kowa zai iya saya a kasuwa, kowane ɗaya ƙuri'a ɗaya gare shi. Rukunin B na iyalan McMahon ne, kuma kowane ɗaya ƙuri'a goma gare shi. Idan aka sayar da na rukunin B ga bare, nan take ya koma rukunin A, ƙuri'u tara sun tafi ke nan. Da wannan tsari, mutumin da bai mallaki ko rabin kamfanin ba yake riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'u. Dokar Delaware ta halatta haka muddin an rubuta shi a takardar kafa kamfani, kuma duk wanda ya sayi hannun jari ya saya ne da saninsa. Mai karatu a Najeriya zai iya yin mamaki, don dokar kamfanoni ta ƙasar, CAMA ta 2020, ta hana a ba wa hannun jari na gama-gari ƙuri'a fiye da ɗaya. A Amurka kuwa abu ne da aka saba, Facebook ma haka aka gina shi.

A doka, kamfani hawa uku ne. Masu hannun jari suna zaɓen daraktoci. Daraktoci suna tafiyar da kamfani, kamar yadda sashe na 141 na dokar kamfanonin Delaware ya tanada, kuma su ke naɗa shugabannin gudanarwa. Shugabannin gudanarwa kuma su ke ɗaukar ma'aikata. Babu inda doka ta ambaci mai tsara labarin wasa. Shi ma'aikaci ne a hawa na ƙasa, ko da kuwa duniya ta fi sanin sunansa fiye da na dukkan daraktocin.

A watan Yunin 2022 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa daraktocin WWE suna binciken wata yarjejeniyar sirri ta dala miliyan 3 da McMahon ya yi da wata tsohuwar ma'aikaciya. Ya ja gefe daga shugabancin kamfani, amma ya ci gaba da riƙe alƙalamin labari, wanda ya nuna abin da ya fi ƙauna a cikin biyun. Da ƙarin bayanai suka fito, ranar 22 ga Yuli ya sanar da yin ritaya. 'Yarsa Stephanie McMahon ta zama shugabar daraktoci, ta kuma raba kujerar babban shugaba da Nick Khan. Mijinta Paul Levesque, wanda masu kallo suka sani da Triple H, ya karɓi tsara labari. Daga baya kamfanin ya ce akwai kuɗi dala miliyan 19.6 da ya kamata a shigar a littafin asusunsa ba a shigar ba, dole ya sake gyara rahotonsa na kuɗi.

Masu sharhi da yawa suka ce an yi gado an gama. Sun manta cewa mutumin ya ajiye muƙami ne kawai, ƙuri'unsa suna aljihunsa.

A Disamban 2022 ya rubuta wa daraktoci cewa yana son dawowa, don kwantiragin nuna shirye-shiryen kamfanin na mako-mako, Raw da SmackDown, a talabijin ya kusa ƙarewa kuma lokaci ya yi da za a duba yiwuwar sayar da kamfani. Daraktocin suka amsa masa baki ɗaya cewa dawowarsa ba alheri ba ce ga masu hannun jari. Nan ne sashe na 228 ya yi aikinsa. Wannan sashe ya ce duk abin da masu hannun jari za su iya zartarwa a babban taro, za su iya zartar da shi ta hanyar sa hannu a takarda, ba tare da kiran taro ba, ba tare da sanarwa tun da wuri ba, in dai masu sa hannun suna da ƙuri'un da suka isa, sai fa idan takardar kafa kamfanin ta hana. Abin da ake bukata kawai shi ne a sanar da sauran bayan an gama. Wani ɓangare na sashe na 141 kuma ya ba masu rinjaye damar cire darakta ko da bai yi laifin komai ba. Idan aka haɗa biyun da ƙuri'a goma-goma, mutum ɗaya ya zama shi ne taron.

Haka aka yi a makon farko na Janairun 2023. Da takarda guda McMahon ya cire daraktoci uku, ya sa kansa da tsofaffin manyan jami'an kamfanin biyu, George Barrios da Michelle Wilson, a gurbinsu. Ya kuma gyara ƙa'idojin cikin gida ta yadda ba za a sayar da kamfani ko a ƙulla cinikin talabijin ba sai da amincewar masu hannun jari, wato shi. Wasu daraktoci biyu suka yi murabus. Ranar 10 ga Janairu Stephanie ta ajiye aiki, mahaifinta ya koma kujerar shugaban daraktoci. A ganina, wannan mako ya fi duk wani labari da kamfanin ya taɓa rubutawa ban mamaki, kuma babu ko alƙalin wasa a ciki.

Kada a ɗauka mai rinjaye ya fi ƙarfin shari'a. Kotunan Delaware suna ɗaukar mai rinjayen ƙuri'a a matsayin wanda aka ɗora wa amana, kuma idan ya ƙulla cinikin da zai amfane shi fiye da sauran, ana iya tilasta masa ya nuna cewa hanya da farashi duka an yi adalci. Masu ƙananan hannun jari sun garzaya kotun da ke sauraron rigingimun kamfanoni a jihar, kuma cikin 'yan kwanaki ya janye yawancin gyaran ƙa'idojin da ya yi. Sai dai kujerarsa ba ta motsa ba. Shari'a tana iya sa a biya diyya bayan shekaru, amma da wuya ta hana mai ƙuri'a kaɗa ƙuri'arsa a ranar da ya ga dama.

Akwai wani nau'in iko da masu kallo suka fi sani, wato sharaɗin da wasu manyan 'yan wasa ke sa wa a kwantiraginsu cewa sai da yardarsu za a rubuta musu labari. Bret Hart yana da irinsa: an yarda zai sami iko daidai gwargwado kan labarinsa a kwanaki 30 na ƙarshe idan zai bar kamfanin. A Nuwamban 1997, yana riƙe da kambu kuma yana shirin komawa WCW, kamfanin kokawa abokin hamayya, ya ƙi yarda ya sha kaye a hannun Shawn Michaels a Montreal, a ƙasarsa Kanada. Ana cikin wasa McMahon ya sa aka buga ƙararrawa alhali Hart bai miƙa wuya ba, kambu ya tafi. Sharaɗin yana rubuce, amma mai ƙararrawa ma'aikacin kamfani ne. Irin wannan sharaɗi dama ce ta kai ƙara bayan an saɓa, ba ya tsayar da shirin da ake nunawa kai tsaye. Hulk Hogan ma ya riƙe irinsa a WCW, kuma ya ƙare a kotu bayan rikicinsa da mai tsara labari Vince Russo a Yulin 2000.

To me ya raba McMahon da alƙalami a ƙarshe? Cinikin da ya dawo don ya ƙulla. Ranar 3 ga Afrilun 2023 aka sanar cewa kamfanin Endeavor, mai kamfanin gasar faɗa na UFC, zai haɗe UFC da WWE, inda aka yi wa WWE ƙimar dala biliyan 9.3. Endeavor ya ɗauki kashi 51, masu hannun jarin WWE suka ɗauki 49. An kammala ranar 12 ga Satumba, aka haifi TKO Group Holdings ƙarƙashin Ari Emanuel, shugaban Endeavor. McMahon ya sami babban suna, shugaban daraktocin sabon kamfani, amma a TKO kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya gare shi. Daga kimanin kashi 80 ya koma ƙasa da kashi 20. Sashe na 228 yana nan yadda yake, sai dai yanzu wani ne ke da ƙuri'un da za su sa ya yi aiki.

An ga bambancin a Janairun 2024. A mako guda aka sanar da cinikin dala biliyan 5 da Netflix don nuna Raw na shekara goma, ɗan resilin kuma ɗan fim Dwayne Johnson (The Rock) ya shiga cikin daraktoci, sannan ranar 25 ga wata wata tsohuwar ma'aikaciya ta shigar da ƙara tana zargin McMahon da cin zarafi. Ya musanta zargin, amma washegari ya yi murabus, bayan da kamfanin Slim Jim ya dakatar da tallarsa. Wannan karon babu takardar da zai sa wa hannu ya dawo. A Janairun 2025 kuma ya sasanta da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a Amurka, kan ɓoye wa kamfani wasu yarjejeniyoyi biyu: tarar dala 400,000, da mayar wa WWE kimanin dala miliyan 1.3.

Triple H shi ke tsara labari har yanzu, kuma a WrestleMania, babban wasan WWE na shekara-shekara, ta Afrilun 2024 a Philadelphia matarsa ta fito fage ta kira wannan zamani da sunansa. Amma ta fuskar doka matsayinsa bai kai wanda surukinsa McMahon ya taɓa riƙewa ko kusa ba. A tsohon WWE yana cikin daraktoci. Da aka kafa TKO ba a ba shi kujera ba, Nick Khan aka ba. Alƙalamin da ke hannunsa na kwantiragin aiki ne, kuma masu ikon sabunta shi ko karɓe shi su ne shugabannin TKO da Endeavor, wanda shi ma kamfanin zuba jari na Silver Lake ya saye shi a Maris na 2025.