Ma'anar sake amfani da manazarcin HTML ɗaya a shafuka da yawa

Manazarci, wanda masu rubuta manhaja ke kira parser, shi ne ɓangaren da ke karɓar ɗanyen rubutun HTML (harshen alamomi da ake gina shafi da shi) na shafin intanet ya bi shi daki-daki, ya ware inda alama ta buɗe, inda ta rufe, da rubutun da ke tsakaninsu. Sake amfani da shi kuwa na nufin a ƙirƙire shi sau ɗaya, a riƙa miƙa masa shafi bayan shafi, maimakon a yi sabo ga kowane shafi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, manazarci ba ya mantuwa da kansa. Ɗauki HTMLParser, manazarcin da ke zuwa tare da harshen rubuta manhaja na Python. Ana ba shi rubutu ta feed(), kuma an gina shi ne don ya karɓa gutsure-gutsure. Idan gutsuren ya ƙare a tsakiyar wata alama, sai ya ajiye ragowar yana jiran ci gaba. Bai san cewa shafin farko ya ƙare ba. Ka ce shafin ya yanke a cikin alamar script, wadda ke ɗauke da umarnin JavaScript, ba a rufe ta ba. Da ka miƙa masa shafi na biyu, zai ɗauke shi a matsayin ci gaban wancan script ɗin, ya haɗiye mahaɗan (links) da ke ciki har sai ya ci karo da alamar rufe script, kuma ba zai yi ƙorafin komai ba. Wannan shirun ne ya fi damuna, domin sakamakon zai fito kamar lafiya lau alhali akwai giɓi.

Maganinsa matakai biyu ne: close() ya tilasta masa kammala abin da ya rage, reset() kuma ya share masa allo. Sai dai reset() abin da HTMLParser ya ajiye kaɗai yake gogewa. Idan kai ne ka ƙara jerin self.links don tara mahaɗai, yana nan daram, kuma mahaɗan shafi na ɗaya za su bayyana cikin na goma. Dole ka rubuta naka reset(), ya kira na asali, sannan ya sa self.links = []. A kula, sabon jeri ake yi. In ka yi clear() a kan tsohon bayan ka riga ka miƙa shi wani wuri, sakamakon baya ma ya tafi.

Ba duka manazarta ne halinsu ɗaya ba. DOMParser na JavaScript yana dawo da sabon daftari duk lokacin da aka kira parseFromString(). A lxml, wani kunshin manazarta na Python, bayan close() ana iya sake feed(). Na expat a Python, wanda ke nazarin XML (harshen alamomi mai kama da HTML), daftari ɗaya tak yake iya yi, daga nan sai sabo.

A ganina, ga HTMLParser gara a yi sabo a kowane zagaye. Ƙirƙirarsa ba ta cin wani lokacin a zo a gani, jiran shafi ya sauko daga intanet ne ke cinye lokacin. Sake amfani yana da riba ne inda shirya manazarcin ke da nauyi ko saitinsa ke da yawa. Ko a nan ma, kada zare biyu na aiki (threads, wato sassan manhaja da ke gudana tare) su riƙa ciyar da manazarci ɗaya lokaci guda. A lxml akwai copy() da ke ba kowane zare nasa, da saiti iri ɗaya.