Sare itatuwa ba shi ne maganin gobarar daji ba

Tun da daɗewa ake cewa itatuwan da ke kusa da gida su ke jawo gobarar daji, don haka gara a sare su duka. Har yanzu ana jin wannan a ƙauyukanmu na Gadarif da Mai Wurno a ƙasar Sudan, kuma tsoron yana da dalili.

Sai dai ɗanyen itace ba ya saurin kamawa. Abin da ke kai wuta gida shi ne busasshiyar ciyawa bayan damina, da karan dawa da aka jingina da danga, da tartsatsin da iska ke ɗaukowa daga nesa ya faɗa kan jinka. Shekarar da ruwa ya yi yawa ciyawa ta fi tashi, ƙaruwar zafi kuma na saurin busar da ita.

A share kewayen ɗaki tas, a yanke ciyawa kamar mita 10, a sassabe rassan ƙasa, a nisantar da rumbu da tarin kara. Inuwar dalbejiya kuwa, a bar ta.

Gwadawa ba wuya: jefa ɗanyen ganye da busasshiyar ciyawa a murhu, ka ga wanda zai fara ci.

Don Allah a tura wa maƙwabta kafin ciyawa ta bushe.