Zaman tattaunawa kan kiɗan jaz a Music Inn

Zaman tattaunawa kan kiɗan jaz a masaukin baƙi na Music Inn jerin laccoci ne da muhawarori a bainar jama'a da aka riƙa yi a shekarun 1950 a yankin Lenox, cikin tsaunukan Berkshire na jihar Massachusetts a Amurka. Malaman jami'a da makaɗa da mawaƙa da masu rawa ne ke zama a teburi ɗaya suna bin asalin jaz da tarihinsa, baƙin masaukin kuma suna saurare suna jefa tambayoyi.

Philip Barber da matarsa Stephanie ne suka buɗe masaukin a 1950, a wasu tsofaffin gine-ginen gidan gonar Wheatleigh, daf da Tanglewood inda ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turawa ta Boston ke wasanninta na bazara. Maƙwabtakar tana da ma'ana, domin a wancan zamani masu ilimi da yawa a Amurka suna ɗaukar jaz kiɗan mashaya da gidajen rawa ne, bai cancanci a yi nazarinsa ba.

Jagoran zaman shi ne Marshall Stearns (1908–1966), farfesan adabin Ingilishi a Kwalejin Hunter da ke New York, wanda asalin ƙwarewarsa waƙoƙin Birtaniya na tsakiyar zamani ce. Salonsa shi ya bambanta taron da laccar aji. In ya yi bayani sai ya ɗora faifai, in kuma ga mai abin a zaune sai ya ce ya tashi ya nuna. A 1951 Mahalia Jackson, fitacciyar mawaƙiyar coci, ta rera waƙa a gaban masana, suka yi ta tambayarta yadda take sarrafa murya da numfashi. Willis James na Kwalejin Spelman ya yi bayanin kiraye-kirayen da baƙaƙen fata ke yi a gonakin kudancin Amurka, ya kuma rera su da bakinsa. Al Minns da Leon James, 'yan rawar zauren Savoy na Harlem, sun nuna takun rawa iri-iri da yadda wani ya haifi wani.

Babbar tambayar taron ita ce: mene ne jaz, daga ina ya fito? Matsayin Stearns, wanda ya tattara a littafinsa The Story of Jazz na 1956, shi ne cewa jaz ya samu ne daga cakuɗuwar kiɗan Afirka ta Yamma da na Turai a ƙasar Amurka cikin kimanin shekara 300. Ya bi sawun kiɗan ta tsibiran Karibiyan, da dandalin Congo Square a New Orleans inda bayi ke kaɗa ganga ran Lahadi, da waƙoƙin aiki da na coci, da amsa-amo tsakanin mai ba da waƙa da 'yan amshi. Wannan magana ba ƙarama ba ce a lokacin, don akwai masanan da ke cewa bauta ta shafe al'adun Afirka ƙaƙaf daga zukatan baƙaƙen Amurka. Hasali ma, ana cikin zamanin wariyar launin fata, ga shi baƙi da fari suna ci suna kwana a masauki ɗaya. Duk da haka, kujerar jagora tana hannun farar fata, kuma marubuta baƙaƙe na shekarun 1960, irin su Amiri Baraka, sun dage cewa ba a fahimtar kiɗan sai an fahimci halin rayuwar waɗanda suka ƙirƙiro shi. Gaskiyarsu ce, amma darajar Music Inn ita ce ta ɗauki makaɗi a matsayin masani mai bakin magana.

Cikin waɗanda zaman ya fi yi wa tasiri akwai Randy Weston, matashin makaɗin fiyano daga Brooklyn da ke aikin kicin a yankin Lenox. Ya saurari laccocin, daga baya ya riƙa raka Stearns makarantu, farfesa na bayani shi yana kaɗawa. Weston ya ziyarci Legas a 1961 da 1963, sannan ya zauna a Maroko, inda ya buɗe gidan kiɗa a Tanja kuma ya yi aiki da makaɗan gargajiyar ƙasar da ake kira Gnawa.

Daga wannan taro aka kafa Makarantar Jaz ta Lenox, wadda ta yi aiki daga 1957 zuwa 1960 ƙarƙashin John Lewis, makaɗin fiyano na ƙungiyar Modern Jazz Quartet. Ornette Coleman da Don Cherry, waɗanda daga baya suka zama fitattun makaɗan jaz, suna cikin ɗalibanta na 1959. Shi kuwa Stearns ya raka ƙungiyar shahararren makaɗin jaz Dizzy Gillespie rangadin Gabas ta Tsakiya da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi a 1956, yana ba da lacca a hanya. Cibiyar Nazarin Jaz da ya kafa a 1952, wadda ta faro da tarin faya-fayai da takardunsa a gidansa na New York, ta koma Jami'ar Rutgers a Newark bayan rasuwarsa, kuma tana cikin manyan rumbunan ajiyar tarihin jaz a duniya.