Mece ce manhajar hira, kuma yaya take gane magana?

Manhajar hira, wadda aka fi sani da chatbot, manhaja ce da za ka yi wa magana yadda kake yi wa mutum, a rubuce ko da baki, ta amsa maka ko ta aiwatar da abin da ka ce. Ba sai ka koyi yaren kwamfuta ba. Ka ce mata "tashe ni ƙarfe biyar" ta saita ƙararrawa, ka tambaye ta nisan wata daga duniya ta faɗa maka.

Abin ya daɗe. Tun 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT da ke Amurka ya fito da ELIZA, wadda ke kwaikwayon mai ba masu damuwa shawara. Ba ta gane komai, kalma kawai take tsinta a zancenka ta juyo maka da ita a sigar tambaya. Amma duk da haka mutane suka riƙa fayyace mata cikinsu, har abin ya dami shi kansa Weizenbaum.

Daga baya aka samu waɗanda ake yi wa magana da baki: Siri ta zo tare da wayar iPhone 4S a 2011, Alexa ta Amazon a 2014, Google Assistant a 2016. A farkon zuwansu, waɗannan sukan mayar da muryarka rubutu, su duba wane umarni ne ya dace a cikin waɗanda aka tanadar musu. Da ka kauce wa layi, sai ka ji "ban gane ba".

ChatGPT, da kamfanin OpenAI ya saki a Nuwamba 2022, ita ta sauya lissafin. An horar da irinta da ɗimbin rubuce-rubuce har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata. Haka take jera amsa, kalma bayan kalma. Sannan aka sa mutane suna tantance amsoshinta, wannan ta yi, waccan ba ta yi ba, har bakinta ya gyaru. Shi ya sa za ta rubuta maka wasiƙa, ta taƙaita doguwar takarda, ta kuma tuna abin da ka faɗa a farkon hirar.

To, nan ne gizo ke saƙar. Tunda aikinta haɗa zance mai ma'ana ne, idan ba ta da amsa tana iya ƙirƙiro ta, cikin natsuwar da take faɗin gaskiya. A ganina wannan ya fi "ban gane ba" haɗari, domin babu alamar da za ta ankarar da kai. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ta ba su, alhali ba a taɓa yin su ba.