Kujerar ofis: tambayoyin da na gaji da amsawa

Na daɗe ina sayar da kujerun ofis ina kuma gyara su a cikin garin Katsina, tambayoyin kuwa ba su canzawa. Ma'aikacin sakatariya, malamin jami'a, yaron da ya buɗe shagon buga takardu, duk abu ɗaya suke tambaya. Bakina ya gaji. Ga su nan na rubuta, wanda ya sake tambaya sai in ce ya karanta.

Wace kujera ce ta fi kyau?

Wadda ta dace da jikinka. Hula ɗaya ba ta shiga kan kowa. Zo ka zauna a kai.

Waccan babbar baƙar, mai dogon baya irin ta ofishin oga, ba ita ce ƙarshe ba?

Ta ɗaukar hoto ce, Alhaji. Ta mutumin da zai shigo ƙarfe goma ya sa hannu a fayil uku ya fita taro. Kai da za ka wuni gaban kwamfuta ba taka ba ce. Yawancinsu ma ba fata ba ce, leda ce aka shimfiɗa a kan yadi. Bari Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, a ɗauke wuta, za ka tashi ka ji riga ta manne maka a gadon baya. In ta kwana biyu ledar ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, kana tafiya da baƙaƙen ɓurɓushi a bayan farar shaddarka ba ka sani ba. Na ga wannan ya fi a ƙirga, amma mutanenmu in dai kujera ta cika ido shi ke nan.

Me ake nufi da egonomik da ake rubutawa a jikin kwali?

Kujerar da ake iya daidaitawa da jikin mai zama: tsayinta, majinginarta, hannuwanta. Rubutun kwali ba hujja ba ne, kowa na iya bugawa. Leƙa ƙarƙashinta ka ƙirga abubuwan da ke motsi.

Raga ko soso?

A garin nan, baya raga, mazauni soso. Raga tana barin iska ta ratsa, kuma ƙurar hunturu ba ta zama a cikinta kamar yadda take shigewa yadi, tsumma mai ɗan laima ya ishe ta. Amma mazaunin raga in mai arha ne yakan saki ya lotsa a tsakiya, ƙarfen gaba ya riƙa danne maka cinya. Sosan kuma danna shi da babban yatsa. In ka ji katako a ƙasa, bar shi. In ya dawo nan take da ka saki, to da dama.

Yaya zan gane ta dace da ni?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, ita ce kuma ba a yi. Zauna ka matsa har ƙugunka ya taɓa majingina. Tafin ƙafa biyu su kwanta a ƙasa, cinya a miƙe, ba ta kallon sama. Sa hannu tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka, yatsu 2 ko 3 su shiga. In ba su shiga ba, mazaunin ya yi maka zurfi, za ka riƙa zamowa gaba, majinginar da ka biya kuɗinta ta tashi a banza. Tudun nan na majingina ya zauna a kwarin bayanka, ɗan sama da inda tazugen wando yake. Hannuwan kujera su tallafi gwiwar hannu ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba.

Sannan teburi. Yawancin teburan ofis tsayinsu santimita 73 zuwa 75 ne, kafintocinmu kuma sukan ƙara. Hajiya, in kin ɗaga kujera don ki kai teburi sai ƙafa ta riƙa lilo, kada ki damu, kujerar ba ta da laifi. Kafinta ya buga miki ɗan matakin katako ki ɗora ƙafa, magana ta ƙare.

Da kuɗi ɗaya, in sayi gwanjon babban kamfani ko sabuwa 'yar China?

To, nan ne ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda kayansa yake son sayarwa.

Gaskiya ne akwai kujerun da aka yi su don su daɗe. Aeron ta kamfanin Herman Miller na Amurka tun 1994 ake yin ta, ita ce ta sa aka san kujerar raga a duniya. Leap ta Steelcase ta fito a 1999. Sababbinsu kamfani kan ba da garantin shekara 12. Irin waɗannan in ofisoshin Turai da Amurka suka sauya kaya sai su biyo kwantena su sauka Legas, wasu su iso Kano, jefi-jefi ɗaya ta faɗo mana nan. In ka dace da lafiyayya, ko ta shekara 10 tana aiki, sau da yawa za ta binne sabuwa mai arha biyu ko uku. Ƙarfenta daban, injin jinginarta daban.

Amma fa in ka dace. Garantin nan bai biyo ta kwantena ba, kada wani ya yaudare ka da shi. Silinda, wato bututun da ke ɗaga kujera ya sauke ta, da tayoyi ana samun madadinsu, don yawancin kujeru kusan awo ɗaya suke amfani da shi. Ragar mazauni ko injin da ke ƙarƙashi kuwa in suka lalace, neman su aiki ne, sai ka sa a nemo maka a Legas, wani lokaci kuɗin ya kusa na wata kujerar. Ga wani abu da ba a faɗa wa mutane: Aeron girma uku gare ta, A da B da C. Siririn mutum ya sayi C, wato babbar, saboda ita ya tarar a ƙasa, ya zauna kamar yaro a kujerar babansa. Akwai kuma jabu, an kwaikwayi siffar an liƙa suna.

Sabuwa 'yar China ita ma ba a yi mata kuɗin goro. China suna yin na banza suna yin na kirki, ya danganta da abin da ɗan kasuwa ya je ya ce a yi masa. Matsakaiciya mai ƙafar ƙarfe biyar, da silinda mai lambar inganci 3 ko 4 a jikinta, da majinginar da ake ɗagawa a sauke, za ta yi maka shekaru in ba ka mai da ita lilon yara ba. Kuma in wani abu ya karye a makon farko ka san shagon da za ka koma.

Saboda haka abin da nakan ce, kuma ba rantsuwa na yi ba: in za ka iya zuwa da kanka, ka kifa gwanjon ka duba ƙarƙashinta, ba tsaga ba walda, ka ja kowane hannu ka ga yana aiki, ka zauna minti 15 ba ta sauka ba ba ta ƙara, ɗauki gwanjon. In aike za ka yi, ko kai mai jiki ne sosai, ko ofis za a saya wa guda 20 da kowa zai hau, sabuwar ta fi kwanciyar hankali. In kuɗin bai kai ko ɗaya ba, gara kujerar katako mai miƙaƙƙen baya da ɗan matashi a ƙugu da ka sayi mai juyi ta ƙarshen arha. Wani ya taɓa kawo mini irin wannan, ƙafar roba ta tsage yana tsakiyar waya, ya zo yana dafe da kwankwaso yana tambaya ko ana ɗinke ta.

Kujerata tana sauka da kanta.

Silinda ce ta mutu. Ana canzawa, aikin minti kaɗan ne. Kada ka kai wa mai walda, kada ka huda ta, kada ka sa mata wuta. Iska ce a matse a ciki.

In na sayi mai kyau ciwon bayana zai warke?

Ni ba likita ba ne, kujera kuma ba magani ba ce. Za ta rage maka wahala, ba za ta goge zaman awa 9 ba motsi ba. Ku da kuke tashi sallar Azahar da La'asar kun ma samu rabin abin a kyauta, saura tsakani: duk bayan rabin awa ko fiye kaɗan miƙe, je ka sha ruwa, dawo. Kuma daina zama a tsaye ƙiƙam kamar soja, ɗan jingina baya kaɗan ya fi sauƙi ga ƙashin baya. Amma in ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana dindiris, bar zancen kujera, asibiti za ka.

Sai da matashin kai?

A'a. Mai buga rubutu ba ya taɓa shi. Na mai gyangyaɗi ne.

Tayoyin sun daina juyawa.

Kifa ta. Zare ne da gashi da ƙura suka naɗe. Cire da tsinke ko reza, kada ka zuba baƙin mai, ƙara kama ƙura zai yi.

Ina Daura, ba za ka turo mini hoto ta WhatsApp in zaɓa ba?

Zan turo, amma hoto ba ya gaya maka ko yatsu 3 za su shiga bayan gwiwarka. Katsina da Daura kilomita 80 ne ko kusa da haka. Kana zuwa biki, kana zuwa gaisuwa, abin da za ka zauna a kai shekara biyar ne ba za ka zo ba? In da gaske ba hali, auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka kana zaune da takalmin da kake zuwa aiki, auna tsayin teburinka, ka turo mini lambobin biyu.

Nawa ce?

Ta yau ko ta jiya? Kayan nan da dala ake shigo da su. Kira ka ji, kuma kada ka ce mini wani ya saya ƙasa da haka bara.